Rezon da ke ɗauke da sunan maigidana

Koyon aikin rezo, wato haɗa na'urori da intanet, a Magariya wahala ce tsantsa. Babu lakkol ɗinsa, wato makaranta, ko da akwai ma, wa zai karɓi magidanci mai furfura da karatunsa bai yi nisa ba? Na je Damagaram, a allo ake zana komai, inji kuwa ba a barinka ka taɓa.

Kabu-kabu nake yi sa'ad da na haɗu da maigidana. Shi ke haɗa ordinatoci, wato kwamfutoci, a biron wani proje, ofishin wani shirin raya karkara a Dungas, ni ke kai shi. Daga riƙe tsani na koma jan waya. Ba ya bayani. In na yi tambaya sai ya ce, "Malam, idonka ciwo yake?"

Abu guda ya hana ni: kod, lambar sirrin shiga akwatin da ke raba rezo. In zai buga, sai ya juya mini baya. Haka masu sana'a suke a wurinmu, maƙeri ko wanzami, asirin ƙarshe sai ranar yaye, gaban mutane, da fatiha.

"Bari a yi girbi," in ji shi.

Gero bai fid da kai ba zazzaɓi ya ɗauke shi.

Sunansa ya sa wa rezon biron. Da na doshi ƙofa wayata ta kama, sunan ya fito, kamar mai amsa sallama. Fitilun akwatin na ta ƙiftawa yadda ya bar su. Ni kaɗai a ɗakin, amma ba na ɗaga murya.

Sai aka kawo sabon layin intanet, dole a shiga akwatin. Shugaban biro ya ce, "Baba, in ya fi ƙarfinka faɗa mini, in kira wani daga Damagaram." Wanda aka kira shi zai riƙe aikin, ni in koma kan babur da wannan ƙugu nawa mai ciwo.

Hanya ɗaya na sani. Akwai ƴar kafa a bayan akwatin, in ka danna ta da allura komai ya goge, kod ɗin da aikin maigidana duka, har sunan. Kuma ban taɓa tada rezo daga tushe ba, leƙe kawai na yi ta bayan kafaɗarsa.

Washegari na ari allura wurin matata, na riga ma'aikata zuwa biro. Na yi wa maigidana addu'a, na danna. Fitilu suka mutu, suka dawo. Na duba wayata, babu sunan. Na jawo ordinata na fara.