Malam Ing da Kunnen Mai Faci

A unguwarmu Malam Ing ake ce wa Kawuna. Shekara talatin yana koyar da Turanci, kuma doka ɗaya ya ɗauka kamar ransa: in aikatau ya biyo bayan before ko after, dole a ɗaura masa wutsiyar ing. Ni zango biyu na yi a ajinsa na ari na kare, shi ya sa Turancina har yau gundul yake.

Da ya yi ritaya ƙafa ta ƙi, sai na zama mai goya shi a babur. Kullum da hantsi zai ce, "Kai, tayar baya ta yi sanyi." Taya kuwa tsam kamar dutse. Haka za mu tafi rumfar wani mai faci, dogo, gemu ya fara furfura.

Matar Kawu ce ta tona mini. Mai facin ɗalibinsa ne. Yana ɗan shekara sha ɗaya ya rubuta after eat a allo, Kawu ya sharara masa mari. Jini ya biyo kunnen hagu. Kunnen bai ƙara ji ba, yaron bai ƙara zuwa aji ba.

Sai na fara lura. Kawu zai tsaya ta hagun mutumin, injin iska na ruri, ya ce a hankali, "Ka yafe mini."

Rannan na kasa haƙuri. "Kawu, ƙofar da aka toshe kake ta ƙwanƙwasawa."

"Rufe mini baki, jakin aji!"

Mai faci ya kashe injin. Rumfar ta yi tsit.

"Malam, shekara biyu ina ganin bakinka na motsi. Zagayo ta nan." Ya nuna kunnen dama.

Taku uku ne, amma Kawu ya daɗe kafin ya gama su. Ya faɗa, da wata 'yar muryar da ban san yana da ita ba.

Mai faci ya ƙura wa bahon ruwansa ido.

"Na ji," ya ce, ya tayar da injin.

A hanya Kawu ya damƙi rigata. "Bai ce ya yafe ba."

"Bai ce ba, Kawu."

Daga nan ciwo ya kama Kawu. Wata huɗu ya yi a kwance, da an yi sallama sai ya zabura ya tambayi ko wane ne. Mai faci bai zo ba sai ranar rasuwa. Ya zauna can ƙarshen tabarma har la'asar, ya sa takalmansa ya tafi.