Sharar Baba

Babana injiniya ne, amma a gidanmu ba a faɗin aikinsa da ƙarfi. Yana cikin masu raka ragowar makamashin nukiliya, wadda ake rufewa a manyan tukwanen ƙarfe a kai ma'ajiya a jirgin ƙasa. Ranar tafiyar sirri ce, don kada ɓarayi ko masu ɓarna su tare hanya. Ya sha gaya mana cewa in maganar ta fita daga gidan nan, aikinsa ya ƙare. Mu dai "shara" muke ce wa kayan.

Sai Kaka ta zo mana Landan daga Kano. A wurinta ɗa ba ya tafiya ba addu'a ba guzuri. Nan da nan ta gano shi: duk ranar da ya sa baƙin takalmin nan mai nauyin buhun siminti, tafiya ce. Sai ta cusa masa dambun nama a jaka, ta riƙe kansa tana tofi har shayinsa ya huce.

Wata Asabar, Baba ba ya nan, na raka ta unguwar Deptford sayen daddawa. Mai shagon, wata 'yar Gana da muke kira Anti, ta washe baki.

"Hajiya, yaronki ya tafi da shara lafiya? Mun yi masa addu'a fa."

Na waiwaya. Shagon cike yake. Har tsohon da ke zaɓen doya sai na ga ya yi kama da shugaban 'yan fashi.

Na ja mayafinta. "Kaka, wa da wa kika gaya wa?"

"Mutanen kirki kawai. Ita, da mai kifi, da matan masallaci."

"Rabin Landan ke nan!"

"Ke, rufe mini baki. Addu'a tana yawa ne?"

A bas na riga na ga a raina an tare jirgin, 'yan sanda sun ɓalle ƙofar gidanmu, an nuno Kaka a talabijin tana riƙe da daddawa. Wayar Baba kuwa a kashe take in yana hanya. Ranar ko tuwo bai wuce mini ba, ni da nake cin na mutum uku.

Da ya dawo na gaya masa. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce dole ya kai rahoto ofis, amma sai ya ji abin da mutane suka sani. Muka koma shagon tare.

Anti ta ja shi gefe, ta rage murya.

"Alhaji, kar ka ji kunya. Kwashe wa council shara ma aiki ne. Amma ka gaya wa mutanenku, bolar bayan shagona har yanzu ba a kwashe ba."

Baba ya haɗiye dariya, ya ce zai duba.

Duk da haka ya kai rahoton. Muka yi ta jira, ina zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara. Shugabanninsa suka yi masa tambayoyi, suka ja masa kunne, suka bar shi a aikinsa.

Kaka ta ce ita ba za ta daina addu'a ba. Aka shirya: takalmin ya koma ofis da zama, ita kuma kullum da safe sai ta yi masa tofi ta ba shi dambu, ko burodi zai je saye.