Makonni Ukun da Muka Ɓoye wa Yaya Rasuwar Inna

Yayana direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ya kai arewa. Wata rana yana fita gari ya buge wani mai babur, mutumin ya rasu. Aka tsare shi a gidan fursuna yana jiran shari'a. Daga gidanmu a unguwar New Bell zuwa can tafiyar ƙafa ce, amma Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa zuwa ba saboda ciwon gwiwa. Ita ke girki, ni ke kaiwa.

A layin ziyara na koyi komai. Akwai wata dattijuwa 'yar unguwar Deïdo da ɗanta ya shekara biyu a ciki, da Faransanci muke hira. Ita ta ce kada in fito ba katin shaida da takardar izinin ziyara, kuma in yi kwafinsu in ajiye a gida. Ta ce in bar kwanon ƙarfe in koma roba, in aka ce in ɗanɗana abincin a ƙofa in ɗanɗana ba ɓacin rai. Garin rogo da sukari da sabulu sun fi tuwo amfani, don suna daɗewa. Ta kuma ja mini kunne kada in taɓa yi masa alkawarin ranar fita, sai abin da lauya ya faɗa da bakinsa.

Tsakiyar damina Inna ta kwanta, kwana huɗu Allah ya karɓi abarsa. Bayan an dawo daga maƙabarta Kawu, ƙanenta, ya tara mu ya ce kada kowa ya gaya wa Yaya, wai wanda ke tsare zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ban musa ba.

Mako uku ina zuwa. Ya tambaye ni jikin Inna, in ce da sauƙi. Ya ba ni saƙo in ce mata ta yafe masa, ta ci gaba da addu'a, in ce to. Ina fitowa sai in tsaya a bakin kwata in yi kukana kafin in kama hanya.

Nan dattijuwar ta same ni wata rana, na gaya mata. Ta ce labari ya fi abinci saurin shiga gidan nan, kowane mako ana kawo 'yan unguwa a tsare. In a bakin wani ya ji, ba zai ƙara yarda da maganata ba, kuma ni kaɗai ce hanyarsa ta jin gida. Ta ce in zo da babba, mu faɗa da farkon ziyara don ya samu lokacin tambaya, mu kuma sanar da wanda ke ja musu salla a ciki ya kula da shi.

Na kai wa Kawu maganar. Ya daɗe yana kallon ruwan saman da ke zuba daga kwanon rufi, sannan ya ce shi zai faɗa da kansa.

Ranar ziyara, Yaya na ganin Kawu ya sha jinin jikinsa. Da ya ji, ya yi salati, ya tambayi wa ya yi mata salla, a ina aka sa ta. Sai ya tambayi ranar. Kawu ya faɗa. Ya juyo ya dube ni.

"To saƙonnin da nake ba ki, wa kike kai wa?"

"Yaya, ka yafe mini," na ce.

Ziyara biyu yana karɓar abinci bai ce mini uffan ba. A ta uku ya sa na ba shi labarin kwanakin jinyar, daki-daki, har abin da ta ci na ƙarshe. Daga nan ban ƙara ɓoye masa komai ba, ko lokacin da 'yarsa da ya bari a gida ta kwanta asibiti sai da na gaya masa.

Ya fito bayan shekara da wasu watanni. Bai koma tuƙi ba, yanzu yana sayar da kayan gyaran mota. Ni da shi ba mu taɓa tayar da zancen makonnin nan ba.