Ba Umra Zan Je Ba

An sace ni a hanyar Poli, ina dawowa daga sayen shanu. Masu tare hanya ne, waɗanda mu a nan muke kira zargina. Suka riƙe ni har damina ta kusa ƙarewa, a cikin wani kogon dutse inda ba ka ganin komai sai ƙafar mai gadinka. Shanuna aka sayar aka fanshe ni. Yayana ne ya ɗauki kuɗin ya shiga dajin, shi kaɗai, a kan babur. Wannan ba zan taɓa musunsa ba.

Na dawo Garwa ba haƙoran gaba, hannun hagu kuma ba ya riƙe komai. Ni mahauci ne, ɗan mahauci. Na bar wa ɗana teburina a kasuwa, na koma zaman gida.

Jiki ya warke. Ido ne ya ƙi. Duk inda na zauna sai na fara duba ta ina mutum zai iya ɓullowa. Idan dawa ta yi tsayi ba na bi ta gefen gona. A masallaci bakin sahu nake tsayawa, kusa da ƙofa. Ɗakin da ba taga ba na shiga. An yi mini rubutu na sha, an kai ni asibiti an ba ni ƙwayoyi, duk ban ga wani canji ba.

Ina da wani aboki masunci, tun muna samari. Tsakanin mahauta da masunta akwai wasa, ba ma haɗuwa a rabu ba a zagi juna ba. Wata rana ya zo ya same ni a zaure ya ce, "Kai mai warin jini, tashi in kai ka ka ga inda ake sana'ar maza." Ya kai ni tafkin Lagdo, ya sa ni a kwalekwalensa mai inji, muka yi ta shiga har gaɓa ta koma siririn zare. Ya kashe inji. Na duba gabas, na duba yamma. Ba bishiya, ba dutse, ba ciyawar da za ta ɓoye ko ɗan akuya. Duk wanda zai zo wurina sai na hango shi tun daga nesa. Rana tsaka, a kan tarun kifi mai ƙarni, barci ya ɗauke ni. Tun da na fito daga daji ban yi irinsa ba.

Da na farka ya ce, "Ashe maganinka a hannun masunta yake. Biya."

Na ce masa ya je ya karɓa a wurin kifayensa.

Babbar 'yata ce ta ji labarin. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Tana fataucin atamfa da turare, Duwala da Dubai duk ta sani. Ita ta gaya mini akwai manyan jiragen ruwa da mutane ke hawa su shiga teku.

Na ce, "Su je ina?"

"Ba inda suke zuwa, Baba. Su zaga su dawo inda suka tashi."

"Kayan wa suke ɗauka?"

"Ba kaya. Mutane ne kawai, su ci, su kwanta, su kalli ruwa."

Na yi shekaru ina loda shanu a mota zuwa Ngawundere, ban taɓa jin direban da ya tafi wayam ya dawo wayam da gangan ba. Na yi dariya. Bayan ta tafi na kasa daina tunanin abin.

Da ta dawo daga Duwala ta zo da bayanin jiragen kamfani uku a wayarta. Karatun nasara ban iya ba, ita ke karantawa tana juya mini. Yaya yana zaure a ranar, ya zo duba ni kamar yadda ya saba.

Na farko daga Turai yake tashi. Ta nuna mini hotonsa, ya fi unguwarmu girma, bene kan bene, da wurin rawa da tafkin wanka a samansa. Na ce ruwa a ƙasa, ruwa a sama, waɗannan ba su da aikin yi. Ta ce bizarsa ma wuya gare ta, sai a juya mutum ba a gaya masa dalili ba. Muka ajiye shi.

Na biyu daga Jidda. Na Musulmi ne, ba giya, akwai wurin salla, nama kuma yankan Musulmi. Yaya ya gyara zama.

Na uku daga Afirka ta Kudu. Bai kai na farko girma ba. Yana fita ya nufi wani tsibiri can cikin teku, ya dawo.

Na ce, "Uwata, tambaya ɗaya gare ni. Wanne ne ya fi daɗewa bai ga ƙasa ba?"

Ta duba ta ce na Jidda kusan kullum sai ya tsaya a wani gari, a sauka a shiga kasuwa. Na Afirka ta Kudu yakan yi kwanaki daga shi sai ruwa.

"Shi nake so."

Ta ce akwai ɗakuna masu sauƙin kuɗi a cikin cikin jirgin, amma ba taga. Ba ta ƙarasa ba ta kalle ni ta wuce su da kanta. Ta nuna mini wani mai ƙofa da ke buɗewa kan ruwa, da ɗan baranda da kujera. Na ce wannan. Na tambayi wanda ke yanka musu nama. Ta ce sun ce ana iya neman na halal tun kafin a hau. Na ce naman da ban san hannun da ya yanka shi ba, ba na ci. Kifi zan ci.

Yaya ya jira sai da ta shiga cikin gida.

"Na Jidda za ka hau," ya ce. "Ka yi Umra, in ya so ka ɗan leƙa ruwan naka. Wa zai sani?"

"Na sauke farali, Yaya. Umra ma na yi. In Allah ya sake kira na zan je, da niyyarta. Wannan ba ita ba ce."

"Dattijo ba ya tafiya ba suna. Ko fatauci, ko jinya, ko ta'aziyya, ko ɗakin Allah. Kakanmu daga Kano ya taho da ƙafa, da dalili ya taho. In aka tambaye ni ina ƙanena, in ce me? Ya tafi kallon ruwa a jirgin 'yan giya?"

"Ka ce haka."

Ya tashi ya sa takalmi ya tafi. Na ɗauka maganar ta ƙare. Uwata ta kama mana wuri a na ukun, ita da ni, ta fara neman takardu.

Ashe Yaya ya riga ni. A masallacin unguwa ya gaya wa mutane ƙanensa zai tafi Umra, godiya ga Allah da ya kuɓutar da shi. Na san abin da ya sa. Yana ganin idan magana ta riga ta bazu, kunya za ta sa in canja jirgi.

A wurinmu mai tafiya Makka ba shi kaɗai yake tafiya ba. Mutane suka fara sallama a zaurena. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta aiko da 'yar jarka a zubo mata zamzam. Wani ya ce dabino, wani carbi. Na fara cewa ba haka ba ne, sai su yi dariya su ce Alhaji ba ya son a sani. Sai wani mai facin taya na bakin titi ya zo, mutumin da ko gaisuwar kirki ba mu cika yi ba. Ya durƙusa. Ya ce matarsa ta daɗe a kwance, ƙafafunta sun kumbura, asibiti sun sallame su. Ya faɗi sunanta, ya sake faɗa don kada in manta, ya ce in na ga ɗakin Allah in ambace ta.

Na ɗaga shi. Na gaya masa gaskiya, na ce addu'a zan yi mata a nan, yau, amma ba Makka zan je ba. Ya kalle ni kamar na ƙwace masa wani abu. Ya tafi.

Bayan la'asar na tafi majalisarmu ta mahauta, gindin dalbejiya kusa da mayanka. Yaya yana zaune a kan bencinsa. Masuncin nan ma yana wurin, ya kawo kifi kasuwa ya tsaya neman faɗa kamar kullum. Ina isa wani dattijo ya ce, "Alhaji, Allah ya karɓi ibada. A sa mu a addu'a."

Ban zauna ba. Na ce, "Jama'a, ba Umra zan je ba. Jirgin ruwa zan hau a Afirka ta Kudu, in shiga teku in kalli ruwa in dawo. Ba fatauci, ba jinya. Duk wanda ya ba ni saƙon Makka ya aiko ya karɓi abinsa."

Wani ya ce, "To wa ya ce Umra?" Kowa ya juya ya kalli Yaya.

Masuncin ya so ya kashe wutar. Ya ce, "Ku bar shi, ya tuba ne. Mahauci zai kwana kan ruwa yana cin kifi safe da yamma. In ya dawo ni zan ba shi taru." Mutum biyu suka yi dariya, suka ga ba wanda ya taya su, suka bari.

Yaya ya miƙe. "Don wannan na shiga daji? Na bar 'ya'yana ina sallama da su kamar ba zan dawo ba, don ka tsaya gaban mutane ka mai da ni maƙaryaci?"

Na ce, "Ka shiga daji ka fito da ni, Yaya. Har in mutu ina gode maka. Amma ba sayena ka yi ba. Kuma ba zan karɓi sunan matar mutum in kai shi inda ba zan je ba."

Ya ce, "To ka je. Kada ka zo ƙofata ban kwana."

Bayan nan maganganu suka yi yawa. Wasu suka ce zargina sun taɓa mini kai. Wasu suka ce 'yata ce ke juya ni. Wani ya ce kuɗin da ya rage mini ya fi kyau in mai da shanu. Ban bi kowa da bayani ba. Wanda bai kwana a kogon nan ba, ba shi zai gaya mini abin da idona ke bukata ba. Tsohuwa ta aiko aka karɓi jarkarta. Matata ta ce ita dai in dawo lafiya, kuma kada in kuskura in leƙa ƙasa daga barandar.

Ana gobe za mu tashi na zaga ban kwana gida gida, yadda aka saba, ina neman gafara. Wasu suka karɓa da fuska, wasu daga bakin ƙofa. Na bar gidan Yaya a ƙarshe. Ya ce kada in zo, amma shi ne babba, ba a tsallake ƙofarsa. Na yi sallama. Takalminsa na bakin ɗaki, rediyonsa na magana. Matarsa ta fito ta ce ba ya nan, tana kallon ƙasa.

Na ɗaga murya yadda zai ji. Na ce, "Yaya, gobe zan tafi. Abin da na yi maka ka yafe mini. Ni na yafe maka. Jirgin dai ban canja ba."

Aka rage muryar rediyon. Na jira. Bai fito ba.

Da safe masuncin ne ya raka mu tashar mota, da ƙunshin busasshen kifi, wai in fara koyo tun a hanya. Daga Ngawundere muka hau jirgin ƙasa.

Yanzu ina Yawunde, a unguwar Hausawa, a masaukin wani dillalin shanu da muka daɗe muna hulɗa. Biza ta fito. Na kira Yaya bai ɗauka ba, ban sake kira ba. Jibi za mu hau jirgin sama zuwa inda jirgin ruwan yake.