Tsagar Gobirci a Hoton Inna

Halimatou ƴar Tawa ce. Ta zo Paris a 2001, ta samu aiki a wani ɗan shagon hoto a unguwar Barbès, jikin shagona na wayoyi. A lokacin, da ɗan burushi da tawada take cike tabon hoto. Da mai shagon ya sayo odinatar, wato kwamfuta, muka ce shi ke nan, sai ta nemi wata sana'a. Ina! Ta zauna ta naƙalci lojisiyel, wato manhajar gyaran hoto, har ta fi mai shagon. Duk sabon da ya fito, sai ta manta da abincin rana ta hau kansa. Taurin kai gare ta, ni kaina mun sha yi da ita a kan sharar bakin ƙofa.

A 2011 wani dattijo, Malam Illiassou, ma'aikacin wata masana'anta a Saint-Fons da ke gefen Lyon, ya hawo jirgin ƙasa takanas daga can. Hoton marigayiya mahaifiyarsa ya kawo, shi kaɗai ya rage a duniya, duk ya tsattsage kamar busasshen tabki. Ya riga ya kai shi wani shago a Lyon. Lokacin lojisiyel ya yi wayon da za ka zagaye tabo kawai, shi ya cike da kansa. Suka share tas, har da tsagar Gobirci da ke kumatunta, sun ɗauka karcewar takarda ce. Wallahi abin ya ba ni haushi. Suka miƙa masa wata mace mai santsin fuska, ya ce bai san ta ba.

A tsohon hoton kuwa ba ka iya raba tsagar wanzami da tsagewar takarda. Halimatou ta ƙara girmansa har ya cika allo, ta duba, ta ce ba za ta yi cinke a fuskar uwar wani ba. Ta tambaye shi ko akwai wadda wanzami ɗaya ya yi musu tsaga. Ashe ƙanwar marigayiyar na nan a Tibiri, kusa da Maradi, ta tsufa tukuf. Aka sha fama kafin ta yarda a ɗauke ta hoto da waya, wai ba ta sa kwalli ba.

Halimatou ta ɗora hoton ƙanwar a kan na yayar, ta rage masa ƙarfi har na ƙasa ya bayyana. Layin da ya dace da na ƙanwar ta bar shi, sauran ta goge ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar wa na'ura zaɓi ba.

Ranar karɓa na leƙo. Da na hango hoton, daɗi ya kama ni kamar ni na yi aikin. Malam Illiassou ya daɗe yana kallo. Sai ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban kantar shagon cikin mutane.

"Inna," ya ce, "ina wuni?"