Baba Iro da Waya Uku

Ku da kuka san Baba Iro na Unguwar Kanawa, kun san ba ya fita sai da ma'aunin ƙarfe a aljihun riga. Tsire ma sai ya auna kaurinsa kafin ya ci! Ya taɓa ce wa mai naman bakin titi, "Jiya milimita shida, yau huɗu da rabi. Saniyar ce ta rame ko kai ne ka daina tsoron Allah?"

Ni Bulus mai gyaran rediyo, shagona na jikin nasa shekara ashirin da ɗoriya. Yana sassaƙa ƙarfe da wani tsohon inji mai allon lambobi da ke nuna inda wuƙar take. In zai nemo gefen ƙarfe, 'yar takarda yake liƙawa da yawu, ya matso da wuƙa a hankali har ta ɗauke ta. Da idonsa ya fara rauni sai aiki ya soma ɓaci. 'Ya'yansa suka taru, wai ya rufe shago ya huta.

"In huta in yi mi?" ya ce da Katsinancinsa. "In zauna ƙofar gida ina ƙirga awakin mutane?"

Babbar 'yarsa Hadiza ta ga ba zai saduda ba, sai ta aiko masa da wata na'ura kamar tsinke mai ƙwallo a baki. Da ta taɓa ƙarfe sai ta sanar da allon, ba sai an duba da ido ba. Matsalar ita ce waya uku gare ta, ja da baƙa da fara, kuma kan wayoyin bai shiga ramin allon ba. Aka kirawo wani injiniya da jakar kwamfuta. Ya duba, ya girgiza kai.

"Baba, wannan allon ya tsufa. Sai dai a sayo sabo."

"Shekararka nawa?"

"Talatin."

"To allon nan ya girme ka. Gaishe shi ka tashi."

Kai, Baba Iro! Injiniya na fita sai Baba ya leƙo shagona. "Bulus, ɗauko mitarka ta gwada wuta da ƙarfen liƙa dalma."

Na ce, "Baba, in muka ƙone allon fa? Ba a samun irinsa yanzu."

"In ya ƙone ni na ƙona, ba yaro mai jaka ba."

Kwana uku muna bin ƙafafun ramin nan ɗaya bayan ɗaya da mita. Ja ta wuta ce, baƙa ta ƙasa, fara ke kai saƙo. Muka haɗa, muka kunna. Wallahi sai abin ya juye! Tsinke na rataye a iska, allo na cewa ya taɓa. In ya taɓa ƙarfen kuma sai ya yi tsit.

Baba ya riƙe haɓa. "Ikon Allah. Hadiza ta aiko mani maƙaryaci."

Na ce tiransisto ɗaya da resisto, 'yan ƙananan kayan cikin rediyo, za su juya saƙon, bari in hau babur in sayo. Ina! Ya jawo tsohuwar rediyonsa daga ƙarƙashin benci, wadda tun tuni na ce masa ta mutu, ya jefar. "Ciro daga nan. Ka ga amfanin ƙin jin maganarka?"

Muka liƙa, muka sake kunnawa. Tsinke ya taɓa ƙarfe, lambobi suka tsaya cak. Ni har na yi tsalle, amma shi ko murmushi bai yi ba. Sai da ya fito da takardarsa, ya shafa yawu, ya kafa hanci kusa da wuƙa, ya gwada sau biyar. Takarda da tsinke lamba ɗaya suka bayar.

"To," ya ce, "na ɗauke shi aiki. Amma gwaji yake."

Shekara biyu ya ƙara a shagon nan, ba wanda ya dawo masa da aiki. Daga baya ciwo ya kwantar da shi. Ranar da na je duba shi a asibiti, numfashi na yi masa wuya, ya kamo hannuna. Na sunkuya, na zaci wasiyya ce.

"Bulus, ka rufe injin da buhu? Rufin nan yana yoyo."

Na rufe, Baba. Da hannuna na rufe. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya ba ka hutun da ka ƙi yarda mu ba ka.