Sanusi Mai Lasar Zane

Duk wanda ya taɓa sayen zane a Zongo ya san Alhaji Sanusi, mijin yayata Safiya. Daga Maraɗi ya zo Yamai yana saurayi, ya yi tallan yadi a ka, daga baya ya buɗe butik, wato shagon yadi. Abin da ya sa sunansa ya fita kuwa shi ne lasa. A kawo masa zane, sai ya kama gefe ya ɗora a harshe, ya lumshe ido, ya ce wannan na asali ne, wancan jabu. Mata masu haɗa kayan aure har daga Harobanda suke ƙetaro gada don a lasar musu zane. Ni Tabawa, shekara ashirin ina ɗinki a Yantala, na daɗe da gane dabararsa: kafin ya lumshe idon nan, ya riga ya saci kallon tambarin da ke bakin zanen. Mtsw! Na raina shi tun ranar, ban kuma fasa ba.

Shekara uku da suka wuce ciwon ƙoda ya kai Yaya Safiya Indiya. Wata biyu ta yi a gadon likita. A gadon kusa da ita akwai wata tsohuwa da danginta ke zana furanni a jikin yadin auduga, da hannu, da alƙalamin gora da rinin itace. Ita da Yaya ba sa jin yaren juna, amma da dare ko rana in ɗaya ta yi nishi ɗayar ce ke miƙa mata ruwa. Ranar sallama tsohuwar ta ba ta yadi guda. Jajayen furanni ne da ganye shuɗi, reshe na hawa kan reshe, babu fure biyu da suka yi daidai. Har wani ɗan ƙamshin madara yake yi.

Yaya ta dawo a rame, ta kuma san abin da likitoci suka ce. Buri ɗaya ya rage mata: ta sa yadin nan ranar bikin ƴarta Anisa. Ta ce mini, "Tabawa, ke za ki ɗinka mini. Ina so a ɗauki hoto a aika wa baiwar Allahn nan, ta ga na tashi."

Ina cikin gwada ta da mitar awo sai ga Alhaji ya shigo. Ya karɓi yadin, ya juya gefe, bai ga tambari ba. Ya lasa, ya tofar.

"Wannan tsumman? Dubi yadda rinin ya zarce layi. Ba ƙyalli, ba suna. Matar Sanusi ta fito biki da wannan, gobe wa zai ƙara kawo mini zane?"

Na ce, "Alhaji, aikin hannu ne fa."

"Ke tsaya ga kekenki," in ji shi. Ya naɗe yadin ya fita da shi. Yaya ta juya fuska bango.

Bayan kwana goma na je butik ɗinsa sayen yadin shafin riga. Me zan gani? Rabin yadin an yayyaga shi an ɗaure dilolin kaya, sauran kuma yana shimfiɗe kan sirdin moto, babur ɗinsa, don kada rana ta ƙona wa Alhaji mazauni. Na yaye shi na cusa a jaka, shi kuwa yana can ciki yana lasar wa wasu mata atamfa.

Abin da ya tsira bai kai riga ba. Kallabi kawai ya fita. Ranar biki Yaya ta sa shaddar da Alhaji ya zaɓa mata, mai tauri har tana ƙara in ta motsa, ta ɗaura kallabin a kai. Ba wadda ta kalli shaddar. Mata suka yi ta taɓa furannin suna tambaya daga ina. Kuma kun san me gogan ya ce, ina tsaye ina ji? "Ai ni na zaɓo mata. Irin wannan sai mai ido." Kai, wannan bawan Allah ba shi da ta ido!

An ɗauki hoton, an aika. Bayan wata biyu Yaya ta rasu. Kallabin ni ta bar wa, da bakinta.

Ba a yi sadakar arba'in ba Alhaji ya zo gidana. Wai mata suna ta neman irin yadin, yana so ya rataye kallabin a butik su ga samfuri.

"Kayan matata ne, Tabawa. Ni na fi kowa sanin darajarsa."

Na ce ya dawo gobe. Da yamma na shiga kasuwa na yanko mita ɗaya na yadin furanni ɗan Sin, irin wanda ake wa labulen ɗakin girki. Na kalmashe bakinsa, na wanke shi sau biyu ya yi laushi.

Da ya zo na miƙa masa. Ya kama gefe, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido. Sai ga hawaye.

"Shi ne," ya ce. "Ko cikin dubu zan gane shi."

Yana nan rataye a butik har yau, an sa masa gilashi. Na Yaya kuwa yana ƙasan akwatina, furen gefensa da ɗigon man moto da ya ƙi fita.